Ejan ɗin da ya shigar da jirginmu Marmaris: inda ya iya da inda ya gaza

Duk wanda zai shiga Turkiyya da ƙaramin jirgin ruwa daga wata ƙasa, da wuya ya kauce wa hannun ejan, wato wakilin da ke kai takardun jirgi ofisoshin gwamnati. A Marmaris, wani gari a bakin tekun Turkiyya, ofisoshinsu suna da yawa, wasu a cikin marina, wato tashar ƙananan jiragen ruwa, wasu a lungunan bayan kasuwa, kowa da allonsa mai hoton anka. Wanda muka yi hulɗa da shi ƙaramin ofis ne na mutum uku: mai gidan, dattijo ne da ya daɗe yana aikin teku kafin ya zauna, sai 'yarsa da ke kan kwamfuta, sai wani saurayi mai babur da ke kai da kawo da takardu. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, don ba talla aka ba ni ba, kuma akwai inda zan taɓa su.

Ni makanike ne. A Apapa na koyi injin dizal, yanzu kuma ina aiki a wani jirgin shaƙatawa mai tsawon mita 16, irin wanda iska ke turawa amma yana da inji. Rajistarsa ta Ingila ce, mai shi ma can yake zaune, yakan zo da iyalinsa lokacin zafi ya koma. Mu uku ke kwana a ciki: kyaftin, wani Baturen Ingila da ya haura sittin, da wata mata 'yar Filifin mai girki da gyaran ɗakuna, sai ni da koren fasfona na Najeriya. Tun kafin mu taso kowa ya san fasfon wa za a fi jujjuyawa a kan tebur.

Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Tun da Ingila ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, jirgi irin namu ya zama baƙo a ruwan Turai. Kwastan kan ba shi wata 18 ya zauna ba haraji. In wa'adin ya cika ba a fitar da shi ba, sai a nemi mai shi ya biya harajin VAT a kan darajar jirgin baki ɗaya, a Girka kuwa kashi 24 cikin ɗari ne. Namu watannin sun kusa ƙarewa muna tsibirin Rodos na Girka, ga Marmaris a tsallake, mil 25 na teku, tafiyar hantsi zuwa azahar. Dama can jirgin na buƙatar a ɗaga shi kan tudu a wanke masa ciki kafin sanyi, kuma Marmaris gari ne da ya shahara da wannan aiki. Shi ya sa a farkon Nuwamba kyaftin ya nemi ejan.

Rabin amfanin wannan ofis mun same shi ne muna Girka, ƙafarmu ba ta taka Turkiyya ba. Kyaftin na tura saƙo ta WhatsApp, 'yar mai ofishin ta aiko da jerin abin da take so a ɗauko mata hoto: takardar rajistar jirgi, inshora, lasisin tuƙin kyaftin, shafin farko na kowane fasfo, bizar duk wanda ke buƙatar biza, da sunayen ma'aikata da aikin kowa. Wannan kowane ejan zai tambaya. Abin da ya bambanta ta shi ne tana karanta abin da aka tura mata. Ba a yi awa biyu ba ta dawo da tambaya: ina mai jirgin? Aka ce yana Ingila. Ta ce to da wane izini kyaftin zai shigo da dukiyar wani? Kyaftin ya tura mata wata wasiƙa da mai jirgin ya rubuta ya sa hannu, wadda ya daɗe yana yawo da ita a tsibiran Girka ba wanda ya ce uffan. Ta ce wannan ba za ta wadatar ba, a samo wadda lauya mai tabbatar da sa hannu ya buga wa hatimi.

Kyaftin ya yi ta guna-guni, ya ce neman wahalar da mutane ne. Amma ka duba inda muka yi jiran. Muna ɗaure a Rodos, muna fita mu sayo burodi, muna kwana lafiya, har mai jirgin ya je wajen lauya a garinsu ya aiko da takardar. Da ba ta kula ba, da a bakin gaɓar kwastan na Marmaris za mu yi wannan zaman, da tutar rawaya ta neman izinin shiga a sama, ba fita ba shiga. Wannan tambaya ɗaya kaɗai ta isa ta biya kuɗin ejan.

Nawa fasfon ma sai da ta lissafa shi. Dokar baƙi ta Turkiyya, wadda aka yi a 2013, ta ce dole fasfo ya kasance da sauran kwana 60 aƙalla bayan ƙarewar bizar mutum ko izinin zamansa. Ta aiko min da ranar da bizata za ta ƙare, da ranar mutuwar fasfon, ta ce na tsallake. Shi kyaftin ba ruwansa da biza, don tun 2020 aka ɗauke wa 'yan Ingila masu zuwa yawo, suna da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ni kuwa sai da na samo tawa aka manna a fasfo tun kafin wannan tafiya. Duk ɗan Najeriyar da ke tunanin shigowa ta ruwa zai sa a yi masa sassauci, ya cire wannan daga ransa. Ƙofar teku da ta filin jirgin sama doka ɗaya ce ke tsaron su, kuma ejan ba ya ƙirƙiro biza. Ta kuma ce in ɗauko mata hoton ƙaramin allon ƙarfen da ke jikin inji, mai ɗauke da lambarsa, da na ƙaramin injin kwale-kwalen da muke ratayawa a baya. Na kwanta rub da ciki da tocila a baki na ɗauko, ina cewa a raina me za a yi da wannan.

Akwai wani ɗan abu kuma da dattijon ya kira da kansa ya faɗa. Turkiyya ta daina canza agogo tun 2016, Girka kuwa tana mayar da nata baya da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Lokacin zafi agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, amma a Nuwamba Turkiyya na gaba da awa guda. Ya ce wa kyaftin, in ka taso ƙarfe goma sha ɗaya a agogonka, za ka iso an tashi daga ofis, sai dai ka biya kuɗin aikin bayan lokaci ko ka kwana a gaɓa. Haka ma Asabar da Lahadi. Muka shirya fita da sassafe ranar Talata.

Fita daga Girka ba aikinsa ba ne, bai kuma yi kamar nasa ba ne. Kyaftin da kansa ya zaga: 'yan sandan tashar ruwa, masu buga fasfo, sai kwastan inda ya mayar da takardar yawon da Girka ke ba jiragen da ba na Tarayyar Turai ba. Sun duba ko an biya TEPAI, harajin da tun 2019 ake karɓa a kan duk jirgin shaƙatawa da ya wuce mita 7. An biya. Aka buga mana fita daga Shengen, yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, muka kwance igiya.

A tsakiyar hanya muka sauke tutar Girka, muka ɗaga ta Turkiyya a gefen dama, da rawaya a ƙarƙashinta. Rawayar nan a dokar alamomin teku tana nufin jirgina lafiya yake, ina neman izinin shiga, kuma muddin tana sama ba wanda zai sauka ya shiga gari. Ta Turkiyyar kuwa sabuwa ce dal. Ejan ya nanata cewa kar mu kuskura mu ɗaga wadda rana ta cinye. Suna da dokar tuta tun 1983 da ta hana amfani da yagaggiya, ko mai faci, ko wadda ta koɗe, kuma mutanen nan ba sa wasa da jar tutarsu ko kaɗan. Ya kuma ce mu miƙe kai tsaye zuwa bakin Marmaris, kar mu tsaya a wani lungu don wanka ko cin abinci, kar kuma mu karkata gabas wajen Aksaz inda sansanin sojan ruwa yake. Ruwan da ke tsakanin Girka da Turkiyya ruwa ne mai ƙaiƙayi. A 1996 saura ƙiris su gwabza yaƙi a kan wasu duwatsu biyu da ba kowa a kai, Girkawa na ce musu Imia, Turkawa na ce musu Kardak. Ba wurin da mutum zai yi ta gararamba ba takarda ba ne.

In ka shigo ta mashigin, gari na buɗewa a gabanka, duwatsu masu itatuwa sun kewaye ruwa, ga tsohuwar ganuwa a kan tudu. Daga nan Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya tara rundunarsa a 1522 ya haye ya ci Rodos. Mu dai akasin hanyarsa muka biyo, kuma ba wanda ya tambaye shi inshora.

Gaɓar kwastan tana kusa da inda jirgin fasinjan Rodos ke tsayawa. Saurayin nan mai babur na tsaye yana jiranmu, shi ya cafe igiya ya ɗaure. Fayil na hannunsa, an riga an buga komai, sa hannun kyaftin kawai ake jira. Ofisoshi huɗu ne ke da hannu a shigar da jirgi: na lafiya, na 'yan sandan fasfo, na kwastan, da na shugaban tashar ruwa. Uku daga ciki ba mu ma ga ƙofarsu ba, yaron ne ya yi ta zirga-zirga. Inda ba a wakilci shi ne wajen fasfo, dole kowa ya kai fuskarsa.

Nan dattijon ya iso da kansa, da 'yar jakarsa a hammata. Ya gaisa da kyaftin, “Hoş geldiniz, Kaptan,” wato barka da zuwa kyaftin, ya juyo ya kama hannuna ya ce “Usta,” yadda suke kiran duk mai sana'ar hannu. Muka shiga wani ɗaki mai kanta da gilashi. Fasfon kyaftin bai yi minti ɗaya ba aka ji ƙarar hatimi. Na matar nan ya ɗan jima. Da aka zo kan nawa jami'in ya gyara zama. Ya buɗe shafi-shafi, ya kai bizar kusa da fitila, ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana. Ya tambaya da Turancinsa mai nauyi: mene ne aikinka a jirgin? Tun yaushe? Ina za ka kwana? Yaushe za ka fita, ta ina?

Ban ga laifinsa ba. A 2015 dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka wannan teku daga gaɓar Turkiyya zuwa tsibiran Girka a kwale-kwalen roba, da yawa suka halaka, kuma har yanzu abin bai tsaya ba. Baƙin mutum da ya bayyana ta ruwa a wannan yanki, dole a so sanin labarinsa. Abin da ya burge ni shi ne yadda dattijon ya yi. Bai karɓe bakina ba. Ya tsaya a gefe, hannu a baya, ya bar ni na amsa da kaina. Sai da jami'in ya zo kan maganar aiki, sannan ya zaro takarda ɗaya daga jakar ya tura ta ƙarƙashin gilashin: wasiƙa ce da Turkanci, wadda 'yarsa ta shirya tun jiya, mai bayanin cewa ni ne mai kula da inji, ga sunan jirgi, ga marinar da za a ɗaga shi, ga ajiyar wurin da aka yi. Ba mu roƙe su wannan ba, ban ma san da ita ba. Jami'in ya karanta, ya ce wani abu da ya sa su biyun suka yi dariya, ya buga hatimi. Da muka fito na tambayi dattijon me aka ce. Ya ce jami'in cewa ya yi motarsa na cin mai, ko Usta zai duba masa.

Jami'in kwastan ya shigo jirgin, ya cire takalmi a bakin matakala ba tare da an ce masa ba. Ya tambayi makami, giya, taba, kayan nutso, da jirgin sama marar matuƙi. Ya leƙa lokoki biyu uku. Sai ya ce a buɗe masa ɗakin inji. Ya duƙa, ya haska wayarsa a kan allon ƙarfen nan, yana karanta lamba yana duba takardarsa, harafi bayan harafi. Ta yi daidai. Ashe a wata tsohuwar takardar jirgin an rubuta 8 a inda ya kamata a ce B, yarinyar ta gano da ta haɗa da hoton da na tura, ta shigar da na jikin injin. Da tsohuwar ta kwafa, da an yi doguwar magana.

Wanda ya taɓa fito da mota a Apapa zai yi ta jiran lokacin da za a ja shi gefe a yi masa raɗa. Na jira, ba a yi ba. Ba wanda ya nemi na goro, shi ma ejan bai ce a ba shi wani abu zai miƙa wa wani ba. Shayi dai mun sha shi a ƙananan kofunan gilashi har sai da na ƙoshi. Kafin la'asar muka sauke rawaya.

Abin da aka miƙo wa kyaftin a ƙarshe shi ne takardar da ake kira Transit Log, kuma ita ce ran jirgin muddin yana Turkiyya. Tana ɗauke da bayanin jirgi, da kyaftin, da duk wanda ke ciki, da wuraren da za a bi. Shekara ɗaya take yi, amma ranar da jirgi ya fita ƙasar ta mutu, ko da tsallakawa aka yi zuwa Rodos cin abincin rana. In an dawo sai sabuwa. In wani ya sauka ko wani ya hau, sai an gyara ta. Shi jirgin kansa yana iya zama har shekara biyar ana sabunta masa takarda. Mutum kuwa ba haka ba, kuma a nan baƙi da yawa ke rikicewa, su ga shekara ɗaya a takardar jirgi su ɗauka ta shafe su. Dattijon ya dube ni ya ce, jirgi nawa ne, kwanakinka naka ne. Bizata ta kwana 30 ce. In na zarce akwai tara, ana kuma iya hana ni shigowa na wani lokaci, kuma ba ejan ɗin da zai kankare wannan. Na ji daɗin da ya faɗa ɓaro-ɓaro.

Sun yi mana rajistar Mavi Kart a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tsari ne na lissafin ƙazantar bayan gida: ba a yarda jirgi ya zubar da tankinsa a cikin lungunan tekun nan ba, sai ya je inda ake zuƙewa, a shigar a kwamfuta cewa ya zuƙe. Masu gadin teku na iya tsayar da kai su duba yaushe rabonka da zuƙewa, tarar kuma ba ta wasa ba ce. Da yake ni ke fama da famfon tankin nan, na fi kowa sauraro. Ita kuma abokiyar aikinmu, mai son tsintar duwatsu da fasassun tukwane a bakin ruwa tana jerawa a tagar kicin, ya gargaɗe ta da kakkausar murya. Ƙasar cike take da kufan mutanen da, dokar kayan tarihi kuma ba ta duba ƙanƙantar abu. Ana kama baƙi a filin jirgin sama saboda dutse ɗaya a jaka.

To, yabon ya isa haka. Matsala ta farko ita ce lissafi. Da kyaftin ya je biya, aka miƙo masa 'yar takarda da rubutun hannu, adadi ɗaya dunƙule, da kuɗin yuro, kuma a hannu ake so, ba kati. Yuron ban yi mamaki ba, don darajar lira ta daɗe tana zubewa, kowa a harkar jiragen nan da yuro yake magana. Amma kyaftin ba kuɗinsa yake kashewa ba, dole ya kai wa mai jirgi rasit na kowane abu. Ya ce a rarrabe masa: nawa ne na gwamnati, nawa ne na ofis. Fuskar dattijon ta canza, kamar an ce masa ɓarawo. Sai da aka yi ta aike kafin takardar ta fito. Da ta fito kuma ba wani abin ɓoyewa a ciki: ga kuɗin Transit Log, ga na lafiya, ga ladan ofis wanda bai wuce kuɗin kwana biyu a marina ba, kuma wallahi ya ci hakan. Layi ɗaya ne kawai aka rubuta masraf, wato kashe-kashe, ba bayani. Da aka matsa aka ce man babur ne da buga takardu. Ba yawa ne da shi ba. Amma mutumin da ya iya gano 8 a wurin B, bai kamata a yi ta fama da shi kafin ya rubuta lissafi dalla-dalla ba.

Ta biyu ta fi ciwo, don a kaina ta faɗo. Famfon da ke jawo ruwan teku ya sanyaya inji ya fara yoyo ta wajen shaf, yana ɗiga a hankali yana barin farin gishiri a jikin inji. Mai jirgi ya ce a sayo sabo daga wani dila a Ingila da ya saba da shi. Kyaftin ya tambayi ejan ko za a iya shigo da shi ba haraji, tunda kayan jirgin baƙo ne da zai fita da shi. Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce “Problem yok,” wato ba matsala, a rubuta sunan jirgi a kwalin a aiko. Aka aiko. Kwali ya sauka a wani babban gari ya zauna a sito.

Daga nan wayar da ake ɗauka tun ƙara na farko ta koma sai an kira sau uku. Yau a ce gobe, gobe a ce ana jiran wata takarda, jibi a ce wanda ke riƙe da fayil ɗin bai zo ba. Kuɗin ajiya na hawa kullum. Sai daga baya yarinyar, ita da ba ta iya kwana-kwana ba, ta gaya min gaskiya: fito da kaya daga kwastan aikin wani mai lasisi ne daban, wanda suke kira gümrük müşaviri, su kuwa ba su da wannan lasisi. Sun miƙa wa wani ne a can garin, shi kuma ƙaramin kwali ɗaya ba ya gabansa. Ba na cewa sun cuce mu, don ba su ci ko sisi a kai ba. Laifinsu shi ne rashin cewa wannan ba fagenmu ba ne tun ranar farko. Mutumin da ya gaya min kwanakina nawa ne ba tare da ya tauna ba, ya kasa gaya wa kyaftin cewa bai iya wannan ba.

Ana cikin haka na kwance tsohon famfon na sa a leda na tafi sanayi, unguwar masu gyara da ke bayan gari. Wani mai injin tankwasa ƙarfe ya juya shi a hannu, ya sa farce ya bi inda shaf ɗin ya cinye, ya auna da ma'auninsa, ya ce in dawo bayan sallar Juma'a. Na dawo na tarar ya fere sabon shaf da ƙarfen da ba ya tsatsa, ya sa sabon sil da boris, ya goge jikin tagullar har tana ƙyalli. Na ɗaura, na tayar da inji, ko ɗigo. Sabon kuwa da ya iso daga ƙarshe, in ka haɗa kuɗin sito da ladan mai lasisi da na kawowa, ya kusa ninka farashinsa, yana nan a loko cikin kwalinsa. Marmaris cike take da shagunan kayan jirgi, manyan kamfanonin inji kuma suna da dilolinsu a garin. Ejan da ya kwana a harkar ya san haka fiye da ni, kalma ɗaya daga bakinsa da ta hana a yi odar.

Ko mutum zai iya yi da kansa ba ejan? A ganina wahalar ba ta kai ribar ba. Ana shigar da bayanan ne ta kwamfuta, a tsarin da su ejan-ejan suka saba da shi, ofisoshin ba a gini ɗaya suke ba, kuma ba kowane jami'i ke jin Turanci ba. Bature mai fasfon Turai da lokaci a hannunsa yana iya gwadawa. Mai koren fasfo kuwa, ina ba shi shawara ya nemi wanda zai tsaya a gefensa a gaban gilashin nan, ya kuma nemi irin wasiƙar da aka yi min, ko da ba a yi masa tayi ba. Wannan ofis zan sake ba su aikin shiga da fita ba tare da na yi tunani biyu ba. Sai dai zan ce a rubuto farashi a rarrabe ta WhatsApp tun kafin a kwance igiya, lokacin da suke neman aikin, don a lokacin hannunsu ya fi saurin rubutu.

Sauran ayyukan sun yi su sumul. Da abokiyar aikinmu za ta tafi gida ta filin jirgin Dalaman, yaron ya zo ya karɓi Transit Log da fasfonta da safe, kafin azahar an cire sunanta. Da aka ɗaga jirgin kan tudu suka yi takardar barinsa a hannun marina, yadda kyaftin zai iya fita ƙasar ba a ce ya gudu ya bar kayan da ba a biya wa haraji ba. Yarinyar ce ma ta gaya min cewa wayar da aka shigo da ita daga waje, in aka sa mata layin Turkiyya, bayan kwana 120 ana toshe ta sai an yi rajista an biya haraji mai tsada; ni kwanakina ba su kai nan ba, kyaftin ne ya amfana.

Kafin in tafi na koma ofishin na nemi takardar da zan haɗa in nemi sabuwar biza a Abuja, tunda dole in dawo in tayar da inji kafin a mayar da jirgi ruwa. Suka ba ni kwafin takardar jirgin, da yarjejeniyar marina, da wasiƙa mai hatiminsu da ke cewa ana buƙatata a watan Afrilu. Na tambayi nawa ne. Dattijon ya faɗi kuɗin, na biya, na ce a ba ni rasit. Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta riga ta danna firinta.